Shirun da Malam Ashiru Ya Ƙi Yi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Na san da kun ji an ce "an yi wani mutum", sai hankalinku ya tafi zamanin fatake da raƙuma, kamar mutanen kirki duk sun ƙare tun kafin a kawo lantarki. To ba su ƙare ba. Wannan da zan ba ku labarinsa an kwana biyu da yin abin, amma dai ya hau babur, ya riƙe waya, ya bi layin mai kamar kowa. Sunansa Malam Ashiru.

A wani babban asibiti yake aiki. Ba likita ba ne, ba nas ba ne, bai taɓa yi wa kowa allura ba. Akwai wani ɗaki can bayan ofishin kati, ba shi da taga, sanyinsa sai ka ce cikin firji. A ciki akwai manyan kwamfutoci guda uku, masu aikin suna ce musu saba. Duk abin da asibitin nan yake yi ta cikinsu yake bi. Katin marar lafiya, sakamakon gwajin jini, maganin da likita ya rubuta, bayanin jinin da aka ajiye don masu buƙata, duk suna ciki. Malam Ashiru yana cikin masu kula da su.

Ku saurara da kyau a nan, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane inda jarrabawar take ba. A cikin manyan nan uku akwai wasu ƙananan kwamfutoci da ba su da jiki. Ba a ganinsu, ba a taɓa su da hannu, manhaja ce zalla. Wannan tana aikin ɗakin magani, waccan tana aikin ɗakin gwaji, wata tana aikin kati. Suna zaune a cikin manyan kamar 'yan haya. Su kuma manyan an haɗa su da juna, ta yadda in ɗaya ta mutu, 'yan hayarta za su koma cikin biyun da suka rage, aiki ya ci gaba, likita bai ma san an yi ba. Kuma duk abin da aka rubuta a ɗaya, ana kwafe shi a sauran. Amma da sharaɗi. Ɗaya kaɗai ake iya rasawa a lokaci guda. In biyu suka tafi tare, komai ya tsaya cak.

Kun gane? Alhaji na jikin ginshiƙi, ka gane? Madalla.

Tun ranar da aka sauke na'urorin nan daga mota Malam Ashiru yake tare da su. Mutum ne mai sanyin hali, ba shi da yawan magana, kuma yana son aikinsa. Kullum da sassafe zai shiga ɗakin, ya saka rigar sanyinsa, ya duba kowacce, sa'an nan ya zauna ya sha shayinsa. In ka tambaye shi ya aiki, sai ya ce, "Aiki da godiya," kuma har zuciyarsa yake faɗa.

Ana nan, sai shugaban sashensu ya yi ritaya. Kowa a asibitin ya ɗauka kujerar ta Malam Ashiru ce. Masu gadi har sun fara ce masa "ranka ya daɗe" cikin raha. Shi ma, ba zan ɓoye muku ba, ya sa rai. Ɗan Adam ne.

Sai hukumar asibitin ta ɗauko wani daga waje, wani Injiniya Nafi'u, wanda Malam Ashiru ya girme shi nesa ba kusa ba, ta ba shi kujerar. Ni ba zan ce an yi zalunci ba, don ban san abin da suka duba ba. Nafi'u ya san aiki, ga shi da ladabi. Ranar da ya fara zuwa ma har ƙasa ya rusuna ya gai da Malam Ashiru. Amma ladabin wanda ya hau kujerar da ka sa wa rai ba ya hana abin yi maka ciwo.

Da yammacin ranar Malam Ashiru ya koma gida, matarsa Saudatu ta ajiye masa tuwo, ya ci loma kaɗan ya tsame hannu. Ta dube shi ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "An ba wani."

Ta ce, "Ya yi maka zafi?"

Ya ce, "Ya yi, Saudatu. In na ce bai yi ba na yi ƙarya."

Ta ce, "To Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Jiya da ba ka da kujerar ka cinye tuwonka tas, yau ma ba ka da ita. Me ya ragu? Ci abincinka."

Ya yi dariya, ya mai da hannu cikin kwano. Jama'a, Allah ya ba mu abokan zama irin wannan.

To akwai wani abokin Malam Ashiru a ofishin kati, ana ce masa Sha'aibu. Ba mugu ba ne, son Malam Ashiru yake yi tsakani da Allah. Amma akwai masoyin da in ya ba ka shawara, Shaiɗan sai ya je ya huta, don an yi masa aikinsa. Shi Sha'aibu abin ya fi yi masa zafi fiye da mai abin. Kullum suka haɗu wajen mai shayi sai ya ce, "Ashiru, kada ka koya masa komai. Abin da ka sani ka bar shi a cikinka. Tunda sun ce shi ne gwani, ya yi gwanintar mu gani."

Malam Ashiru sai ya ce, "Sha'aibu, abin da na sani ai a ɗakin nan na koye shi, da na'urorin asibiti, a lokacin aikin asibiti. Ta yaya zai zama nawa ni kaɗai?"

Haka ya riƙa zagayawa da Nafi'u, yana nuna masa komai. Wannan wayar ina ta nufa, waccan na'urar me ya taɓa samunta, wane likita ne yake kira da faɗa, wanne ne yake kira da lallashi. Bai rage komai ba.

Ba a daɗe ba sai wani babban aiki ya taso. Manhajar da take riƙe da ƙananan kwamfutocin nan ta tsufa, masu yin ta sun daina gyara ta, dole a sabunta. Shugaban asibitin, wani Dakta Sambo, ya kira Nafi'u ya ce, "Wannan shi ne aikinka na farko. Ka yi shi, amma ban yarda asibiti ya tsaya ba, ko na ƙiftawar ido."

Yadda ake yin aikin kuwa, ɗaya bayan ɗaya ake bi. Za a kwashe 'yan hayar ta farko a mai da su cikin sauran biyun, a kashe ta, a sa mata sabuwar manhaja, a kunna ta, a jira ta dawo cikin 'yan'uwanta sosai, sa'an nan a taɓa ta biyu. Aiki ne na haƙuri. Aka sa ranar Asabar, don ranar ba a cika cunkoso ba, ko da yake masu kwanciya suna nan, ɗakin haihuwa yana nan, ɗakin gaggawa kuwa ba shi da Asabar ba shi da Lahadi.

Asabar ɗin ranar hutun Malam Ashiru ce, ya ma shirya zuwa gonarsa ya duba wake. Nafi'u ya same shi yana ta kame-kame, kunya ta hana shi fitowa fili. Daga ƙarshe ya ce, "Malam, na san hutunka ne. Amma da za ka zauna kusa da ni ranar, da hankalina ya fi kwanciya."

Ya ce, "Zan zo, Injiniya. Wake ba ya gudu."

Da Sha'aibu ya ji, sai ya kama baki. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Allah ya kawo maka dama har gida! Ka tafi gonarka, ka kashe waya. In ta kwaɓe masa, da kansu za su zo neman ka har bakin kunya."

Malam Ashiru ya ce, "In ta kwaɓe masa, ba shi kaɗai za ta kwaɓe wa ba. Akwai mutane a kan gadaje."

Ranar Asabar da hantsi suka fara. Nafi'u ne a kan babbar kujera yana aikin, Malam Ashiru yana gefe da nasa allon yana kallo. Aka kwashe 'yan hayar ta farko lafiya. Aka kashe ta, aka sa mata sabuwar manhaja, aka kunna. Ta ɗauki lokaci tana ta gurnani, su kuma suna shan shayi suna hira. Nafi'u yana ba shi labarin 'yarsa da ta fara tafiya, Malam Ashiru yana ba shi labarin yadda ɓera ya taɓa shiga ɗakin ya hana su sakat. Can sai ta farko ta tashi, alamarta a allo ta koma kore. Nafi'u ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi."

Rana ta take tsaka, sai ga Dakta Sambo ya turo ƙofa, ya sha babbar riga, zai wuce ɗaurin aure ya ce bari ya leƙo. Ya tsaya a bayan Nafi'u yana duba agogo. Ya ce, "Ina aka kwana? Ɗaya kawai kuka yi tun safe? Ina so kafin in dawo in ji an gama."

Kun san yadda mutum yake in babba ya tsaya masa a ka. Hannun Nafi'u ya ƙara sauri. Ya kwashe 'yan hayar ta biyu, ya kai hannu zai kashe ta.

To a nan ne, jama'a. Ku saurara.

Malam Ashiru yana duba nasa allon sai ya ga wani abu. Ta farko ta tashi, gaskiya ne, alamarta kore ce, gaskiya ne. Amma duk tsawon safiyar da take kashe, asibiti bai daina aiki ba. An yi gwaje-gwaje, an ba da magunguna, an buɗe sababbin katuna, kuma duk wannan ba ta da shi. Tana kan kwafe shi daga 'yan'uwanta, ba ta gama ba. Nafi'u ya san wannan ƙa'ida sarai, ba jahilci ba ne. Sabuwar manhajar ce ta ɗauke wurin da ake ganin wannan ta mai da shi wani shafi daban, shi kuma ga babba a kansa, ya ga kore ya ɗauka an gama. In ya kashe ta biyu a wannan hali, ta uku ce kaɗai za ta rage da cikakken bayani, kuma an gina su ne ta yadda in haka ta faru, sai su ƙi karɓar komai don kada bayanin ya lalace. Asibiti gaba ɗaya zai daskare, a gaban idon Dakta Sambo.

Me ake nema daga Malam Ashiru don ya sami abin da ransa ya so? Ba a ce ya cire waya ba. Ba a ce ya yi ƙarya ba. Ba a ce ya lalata komai ba. Shiru kawai. Ya kau da kansa, ya kurɓi shayinsa. Babu wanda zai taɓa sanin ya gani. In abin ya tsaya, shi za a juyo a kalla, shi zai tashi ya gyara, kuma ya san yadda zai gyara. Zuciya ta ce masa, "Ɗan lokaci ne kawai, ba wanda zai mutu. Ba kai ka danna ba."

Kun ji irin maganar? "Ba kai ka danna ba." Wa ye a cikinmu zuciyarsa ba ta taɓa gaya masa irin wannan ba?

Sai ya tuna ba shi da tabbacin ba wanda zai mutu. Bai san wace ce a ɗakin haihuwa take jiran a duba irin jininta ba. Bai san wane ne aka shigo da shi ɗakin gaggawa ba. Ya ce a ransa, a'uzu billahi. Wannan ƙofa ya rufe ta.

Amma Shaiɗan ba ya zuwa da ƙofa ɗaya. Sai ya buɗe masa ta biyu, wadda ta fi ta farko kyan gani. Ya ce masa, "To yi magana. Ɗaga murya ka ce, Injiniya, tsaya, za ka kashe asibiti! Ka ceci marasa lafiya, kuma Dakta ya gani da idonsa wa ya san aiki." Kun ga wannan? Ga lada, ga kujera. Wa zai zarge shi? Gaskiya ya faɗa, kuma a kan lokaci.

Wallahi jama'a, da yawanmu za mu tsallake ramin farko mu faɗa na biyu, muna murna mun yi aikin Allah.

Daidai lokacin sai ladanin masallacin asibiti ya ɗaga murya, Azahar ta yi. Malam Ashiru ya miƙa hannu ya dafa hannun Nafi'u a hankali, ya ce, "Injiniya, dakata. Ga kiran salla. Mu bar ta yadda take, kada mu taɓa komai, mu je mu ba da farali mu dawo."

Nafi'u ya ɗan ɓata fuska, ya ce, "Malam, dannawa ɗaya ce, sai ta riƙa yi muna can."

Ya ce, "Na sani. Ka yi mini wannan alfarmar."

Dakta Sambo ya ce, "Gaskiyar Malam ce, salla ta fi. Ni ma na wuce, kada a shafa fatiha ba ni." Ya fita.

Sai da suka je bakin famfo, suka tsuguna za su yi alwala, ba kowa kusa, sa'an nan Malam Ashiru ya yi ƙasa da murya ya ce, "Injiniya, ta farko ba ta gama kwafe bayanan safe ba. Sun canza wa abin wuri ne a sabuwar manhajar. In mun koma zan nuna maka inda yake."

Nafi'u ya tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba bai sani ba. Nan take ya gane abin da ya kusa faruwa. Ya ce, "Inna lillahi. Malam, da na danna fa?"

Ya ce, "Ba ka danna ba. Allah ya tsare. Yi alwalarka, za a ta da salla."

Suka yi salla suka koma. Ya nuna masa shafin, suka zauna suka jira har ta farko ta gama tsaf. Sa'an nan Nafi'u ya kashe ta biyu da hannunsa, ya sabunta ta, ta dawo. Da aka zo kan ta uku, shi da kansa ya buɗe shafin ya duba, ya sake dubawa, ya juyo ya ce, "Malam, duba mini." Malam Ashiru ya duba ya ce, "Bismilla." Kafin rana ta faɗi an gama duka ukun. Ba likitan da ya kira, ba nas ɗin da ta yi ƙorafi. Masu jinya ba su ma san an yi wani aiki ba. Malam Ashiru ya hau babur ɗinsa, ya tsaya a hanya ya sayi rake ya kai wa iyalinsa, ya ci tuwonsa har da neman ƙari.

Ranar Litinin aka tara ma'aikata, Dakta Sambo ya miƙe ya yaba wa Nafi'u. Ya ce ga irin mutanen da ake nema, an ba shi aiki ya yi ba tare da ko tari ba. Aka yi tafi. Malam Ashiru yana cikin masu tafin, kuma ba tafin ganin ido ba.

Da aka watse Nafi'u ya same shi a ɗakin sanyi, ya rufe ƙofa. Ya ce, "Malam, yabon nan ya yi mini nauyi. Zan je in gaya wa Dakta abin da ya faru."

Ya ce, "Me ya faru? Ka yi aiki, abokin aikinka ya tuna maka abu ɗaya. Ai don haka ake zama biyu. Da wani abu ya lalace, da ni da kai za mu je mu faɗa, ba za mu ɓoye ba. Amma babu abin da ya lalace. Abin da za ka yi, ka mai da duba shafin nan ƙa'ida, duk wanda zai yi aikin nan bayanmu ya san da shi."

Nafi'u ya ce, "Na san kujerar nan kai ka sa mata rai. Kana da hanya biyu ta karɓe ta ranar Asabar, ka bar su duka. Me ya sa?"

Malam Ashiru ya ce, "Na sa mata rai, ba ƙarya. Amma kujerar da sai na taka wuyanka zan hau, in na hau ta da wane ido zan riƙa kallonka kullum da safe? Rabona ba zai wuce ni ba. Wanda ba nawa ba kuwa, ko na yi dabara wahala zan saya."

Shi kuwa Sha'aibu, da ya ga an gama lafiya an kuma yabi baƙo, sai ya ce, "Ashiru, kai dai ba ka da wayo." Malam Ashiru ya yi murmushi ya ce, "Wataƙila. Amma ina barci."

Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce daga baya aka gane, aka kira shi aka ba shi kujerar da ta fi waccan. To ba a ba shi ba. A kujerarsa ta gefe ya yi ritaya. Abin da ya samu shi ne sauran shekarunsa na aiki ya yi su cikin daɗi, da shugaban da yake ganin girmansa kamar uba, ba ya yanke komai sai ya ce, "Bari mu ji ta bakin Malam." Bayan ya bar aiki ma Nafi'u bai daina zuwa gaishe shi ba, da shi da iyalinsa. Kuma daga bakin Nafi'un labarin ya fito, bayan shekaru, don shi Malam Ashiru ko matarsa bai gaya wa ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Amana ba ta tsaya ga kada ka ɗauki abin da ba naka ba. In ka ga ɗan'uwanka zai faɗa rami, kana da ikon yi masa magana, ka yi shiru don faɗuwarsa za ta amfane ka, ka ci amana, ko da hannunka bai taɓa komai ba. In kuma za ka yi maganar, ka duba don wa kake yin ta. Gyaran da aka yi don a kunyata mutum, mai yin sa ya riga ya karɓi ladansa a wurin 'yan kallo.

Kai tela, in ka ga maƙwabcinka zai yanka yadin mutane ba daidai ba, ka san in ya ɓata gobe kai za a kawo wa ɗinkin, me za ka yi? Kai direba, in ka ga tayar wanda ya riga ka layi ta yi sanyi? Kai ma'aikaci, da aka ɗora maka wanda kake ganin ka fi shi, ka ga zai yi kuskure a gaban manya? Ke uwa, da kika ga 'yar maƙwabciyarki za ta yi abin kunya a taron biki? Ja shi gefe. Ja ta gefe. Yi ƙasa da murya. Faɗi abin da zai tsare shi, sa'an nan ka manta ka faɗa.

Ba kowa zai gani ba. Wataƙila ma har ka mutu ba wanda zai sani. Amma Wanda ya ga abin da ya gilma a zuciyar Malam Ashiru a ɗakin da ba shi da taga, yana ganin taka. Allah ya wanke mana zukatanmu daga hassada, ya sa mu zama masu rufa asirin 'yan'uwanmu, ya rufa namu duniya da lahira. Ku ce amin.